Furen iris: me ke kashe shi bayan ya yi fure?

A birnin Fulorans na ƙasar Italiya akwai wata garka da ƙofarta ke kulle kusan duk tsawon shekara. Sai wajen 25 ga watan Afrilu ake buɗe ta, kuma da an kai 20 ga watan Mayu an sake maida makulli. A cikin waɗannan ƴan makwanni ne mutanen gari da baƙi ke tururuwa zuwa gangaren tudun da ke kusa da dandalin Michelangelo, domin kallon fure guda ɗaya tak wanda Turawa ke kira iris, Larabawa kuma su ce masa sausan. An aza tubalin garkar a shekarar 1954, aka buɗe ta a 1957, kuma faɗinta ya kai kimanin hekta biyu da rabi, da itatuwan zaitun a tsakiya. Kowace shekara akan yi gasa a wurin. Masu ƙirƙiro sabbin launuka daga ƙasashe dabam-dabam na aiko da dashensu, ma'aikatan garkar su yi renonsa har shekara 3, sa'an nan alƙalai su zo su duba ba tare da sun san mai kayan ba.

Mai karatu zai iya tambaya, to sauran wata goma sha ɗaya fa, me ake yi a bayan ƙofar? A nan ne ainihin aikin yake. Domin kuwa kukan da masu garka a Turai da Amurka suka fi yi game da wannan fure shi ne: shekara ta farko ya yi kyau, ta biyu ya fi kyau, ta huɗu ko ta biyar sai ganye kawai, daga nan kuma sai a wayi gari tsakiyar fangalin ya zama fili, an rasa shuka an rasa kuɗin da aka zuba. Mafi yawan wannan hasara tana farowa ne daga abin da mai garka ya yi, ko ya ƙi yi, a makwannin da ke biyo bayan zubar furen.

Dangin rumana da za'afaran

Iris jinsi ne mai faɗi, yana da kusan kashi 300, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkawa mai nufin bakan gizo, saboda yawan launukansa: fari, shuɗi, shunayya, rawaya, ruwan ƙasa, har da wanda ya kusa zama baƙi, irin wanda ƙasar Jodan ta ɗauka ya zama furenta na ƙasa. Ba baƙo ba ne ƙwarai ga dajinmu idan aka bi dangantaka, don kuwa gidansu ɗaya da rumana da ke fitowa da damina a ƙasashenmu, haka nan da shukar da ake samun za'afaran daga gare ta.

Mutanen Fulorans sun daɗe da ɗaukarsa tambarin birninsu. Da farko farin fure ne a kan jan ƙyalle, sai a shekarar 1251, bayan wani rikicin siyasa tsakanin ɓangarori biyu na garin, waɗanda suka yi rinjaye suka juya launukan, ya koma jan fure a kan fari. Abin dariyar shi ne, har yanzu ba a samu iris mai ja sosai irin na tambarin ba, shi ya sa a gasar ake ware kyauta ta musamman ga wanda furensa ya fi kusa da wannan ja.

Irin da aka fi shukawa a garka shi ne wanda ake yi wa laƙabi da mai gemu, saboda wani layin gashi mai laushi da ke kan ganyen furen na ƙasa. Shi ne kuma wanda wannan bayani ya fi shafa.

Uwa ba ta fure sau biyu

Wanda ya taɓa riƙe ɗanyar citta a hannunsa ya riga ya san siffar gindin iris. Wata gaɓa ce mai kauri da ke kwance a saman ƙasa, saiwoyi na sauka daga cikinta, ganye kuma na tashi daga bakinta a jere kamar maficin kaba. A cikin wannan gaɓa ne shukar ke ajiye abincinta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kowace gaɓa sau ɗaya take fure a rayuwarta. Da ta fitar da kara ta yi fure, to nata ya ƙare. Abin da ya rage mata shi ne ta fitar da ƴaƴa a gefenta, biyu ko uku ko fiye, ta ciyar da su daga abin da ta tara, ita kuma ta tsufa ta bushe sannu a hankali. Ƴaƴan nan ne za su yi furen baɗi, su ma su haifi nasu. Ke nan idan mai garka ya ga gaɓar da ta yi masa fure mai kyau ta fara yamushewa, wannan ba cuta ba ce, haka halittarta take. Inda matsala take shi ne idan uwar ta mutu ba ta bar ƴaƴa masu ƙarfi ba.

Da yake kowane ɗa yana tsirowa ne yana nufar waje, shekara bayan shekara sai shukar ta zama kamar zobe: ganye a kewaye, tsakiya kuwa tarin tsofaffin gaɓoɓi da suka hau kan juna. Sababbin da suka rasa wurin kama ƙasa sai su ƙanƙance, su daina fure, kuma tarin matattun ya zama masaukin ruɓa. Wannan shi ne filin da masu garka ke gani a tsakiyar fangali su ce shukarsu ta ɓace.

Almakashi da bokitin ruwa

Kuskure na farko da ake yi bayan fure ya zube na masu son tsabta ne. Mutum ya ga ganye tsaye ba fure, sai ya ɗauko almakashi ya aske shi ƙasa-ƙasa don garka ta yi kyan gani. Manomin albasa na Galmi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan: wa zai yanke lawashi tun yana kore shar, alhali albasa ba ta gama yin kai ba? Ganyen ne ke karɓar hasken rana ya mayar da shi abinci ya tura ƙasa, kuma a watannin da ke biyo bayan fure ne ƴaƴan gaɓa suka fi bukatar wannan abinci. Saboda haka ganye mai lafiya barinsa ake yi. Wanda ya bushe da kansa ko ya yi tabo, shi ake cirewa.

Karan furen kuwa, shi ya kamata a yanke, kuma a yanke shi can ƙasa daf da gaɓa, da wuƙa mai tsabta, a ranar da ba ruwa. Dalili biyu ne. Idan aka bar shi zai yi kwanson iri, shukar ta ɓata ƙarfinta wajen cika ƴaƴan da ba a bukata. Sa'an nan kara da aka bari ya ruɓe a tsaye yakan ja ruɓar ta gangara har cikin gaɓa.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce ta fi kashe iris a hannun masu ƙaunarsa. Kakannin wannan shuka daga gangaren duwatsun kewayen tekun Bahar Rum suka fito, inda ruwa ke sauka da sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙamas. Bayan fure shukar na shiga wani ɗan hutu, kuma abin da take so a lokacin shi ne rana ta gasa bayan gaɓarta. Mai garka kuwa da ya ga zafi ya tsananta sai tausayi ya kama shi, ya riƙa kwarara mata ruwa safe da yamma kamar salati, wani ma ya ƙara da lulluɓe gindin da ciyawa don ya riƙe laima. Zafi da laima idan suka haɗu a kan gaɓar iris, ruɓa ce ke biyo baya. Haka nan taki mai sa ganye, irin su ure ko ɗanyen kashin dabbobi, yana sa gaɓa ta yi taushi ta cika da ruwa. Masana garka na ba da shawarar taki mai ƙarancin wannan sinadari, a barbaɗa kaɗan a kewaye kamar wata guda bayan fure, kada ya taɓa gaɓar.

Rabon gida

Maganin cunkoso shi ne a tone a raba, duk bayan shekara 3 zuwa 5. Lokacinsa kuwa sati 4 zuwa 6 bayan furen ƙarshe ya zube, wato daga Yuli zuwa farkon Satumba a ƙasashen Turai. Ba a so a makara, domin dashen na bukatar kamar sati 6 ya kama ƙasa kafin sanyi mai daskarar da ruwa ya sauko.

Yadda ake yi ba wuya. Akan sa cokalin tono mai yatsu a ɗago dunƙulen gaba ɗaya, a kakkaɓe ƙasa, sa'an nan a duba. Tsofaffin gaɓoɓi na tsakiya, waɗanda ba su da ganye, zubarwa ake yi ba tare da jin ciwo ba, don ko an mayar da su ba za su yi fure ba. Waɗanda ake so su ne matasa na gefe, masu tauri idan an matsa, masu fararen saiwoyi da maficin ganye guda. A yanke kowanne daga jikin uwar da wuƙa mai kaifi. A wannan lokaci kaɗai ne ake rage ganye, a bar kamar santimita 15, saboda kada iska ta tumɓuke dashen da bai riga ya kama ba, kuma kada ganye ya shanye ruwan da guntayen saiwoyin ba za su iya mayarwa ba. Daga nan, ina jin, ruɗanin ya samo asali: mutane sun ga ƙwararru na aske ganyen dashe, sai suka ɗauka kowane iris ake yi wa haka kowace shekara.

Wajen dasawa ne ake yin kuskure na biyu mai girma. Hankalin manomi na ba shi cewa abin da ke da gindi binne shi ake yi, kamar dankali ko rogo. Iris bai yarda da wannan ba. Akan haƙa rami marar zurfi, a yi ɗan tudu a tsakiya, a ɗora gaɓar a kan tudun kamar sirdi a bayan doki, saiwoyi su sauka dama da hagu, a rufe su a danna. Bayan gaɓar kuwa a bar shi a fili yana ganin rana, ko a yayyafa masa ƙasa ƴar kaɗan idan wurin mai tsananin zafi ne. Gaɓar da aka binne da zurfi za ta yi ganye ba fure, ko ta ruɓe. Tazara tsakanin dashe da dashe santimita 30 zuwa 45, a wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini. Idan ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, sai a tayar da kunya a dasa a bisa. A ba shi ruwa sosai ranar dashe, a ɗan riƙa taimaka masa har sabon ganye ya leƙo daga tsakiyar maficin, daga nan a janye hannu.

Wari daga gindi

Cutar da ta fi yi wa iris ɓarna ana gane ta da hanci tun kafin ido ya gani. Ganye zai yi rawaya daga ƙasa ya faɗi, idan aka taɓa gaɓar sai yatsa ya nutse cikin wani abu mai kama da kunu, ga wari kamar na ruɓaɓɓiyar albasa a rumbu. Kamar ɗin ba banza ba ne, domin ƙwayar cutar da ke haddasa ta, wadda masana ke kira Pectobacterium carotovorum, tana cikin waɗanda ke ruɓar da albasa da dankalin Turawa da karas. Ta rauni take shiga, ko na fartanya ko na cizon ƙwaro.

Idan an farga da wuri ana ceto shukar. A sa cokali a kwashe duk inda ya yi laushi har a kai ga farin nama mai tauri, a wanke da ruwan jabel da aka sirka, kashi ɗaya cikin goma, a bar gaɓar a rana ta bushe kwana ɗaya ko biyu. Abin da aka kwashe kada a zuba shi cikin taki, kuma a wanke wuƙa kafin a taɓa wata shukar da ita.

A gabashin Amurka da Kanada suna da ƙarin wata masifa da Turai ba ta da ita, wato wata tsutsa mai huda gaɓa. Uwarta wani ƙwaron dare ne mai fiffike da ke zuba ƙwai a kan busasshen ganye da kaka. Idan sanyi ya wuce sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga cikin ganye ta bi shi tana gangarawa, kafin tsakiyar lokacin zafi ta isa gaɓa ta rarake ta, ruɓa kuma ta biyo sawunta. Shi ya sa a can kwashe busasshen ganye kafin sanyi ya fita ya zama wajibi ga duk mai iris.

Manoman turare

Akwai waɗanda iris ɗinsu ba ya kai wa ga cunkoso, su ne manoman tuddan Toskana, a yankin Kiyanti da gangaren Pratomagno, kudu da gabashin Fulorans. Su ba don fure suke noma ba, don gaɓar suke yi. Irin da suke shukawa, Iris pallida, mai fure ruwan shunayya mai haske, daga gaɓarsa ake samun ɗaya daga cikin kayan haɗa turare mafi tsada a duniya.

Sukan bar shuka ta yi kamar shekara 3 a ƙasa, sa'an nan su tone ta da zafi, a watannin Yuli da Agusta. A nan take ake raba ta biyu: matashin ɓangare mai saiwa da ganye a ajiye shi domin dashen kaka, gaɓa mai kauri kuma a feƙe ta da hannu da wata ƴar lanƙwasasshiyar wuƙa, a wanke, a shanya. Ɗanyarta ba ta da wani ƙanshin kirki. Sai an ajiye ta a bushe shekara 2 ko 3, wani lokaci ma fiye, kafin ƙanshin ya taso, mai sanyi mai kama da na hoda. Bayan haka a niƙa a tatse, kuma sai an tara kilo ɗaruruwa kafin a samu kilo guda na man. Daga dashe zuwa kwalba ana maganar shekara 5 ko 6 ke nan. Ƙauyen San Polo na yankin Kiyanti na yi wa furen biki a watan Mayu, kuma ana noma dangin wannan iris a tuddan Atlas na ƙasar Maroko, haka ma a ƙasar Sin.

Abin lura a nan shi ne, girbin da waɗannan manoma ke yi don kasuwa shi ne daidai rabon da littattafan garka ke roƙon mutane su yi: tono a shekara ta uku, da zafi, bayan fure, a fitar da tsohuwa a mayar da yarinya, a kan gangare mai duwatsu da ruwa ba ya kwanciya. Bambancin kawai shi ne abin da mai garka ke zubarwa a shara, su shi ne dukiyarsu.

Idan gaɓa ta mutu, launi ya tafi

Wani zai ce in shuka ta mutu ai sai a sayi wata. Ba kullum ake samu ba. Launukan iris na garka haɗe-haɗe ne da mutane suka yi ta hanyar barbara tsakanin fure da fure, kuma idan aka shuka ƙwayar irinsu abin da zai fito ba zai zama daidai da uwar ba. Hanya ɗaya ce ta riƙe launi: gaɓa daga gaɓa, hannu zuwa hannu. Ranar da gaɓa ta ƙarshe ta ruɓe, wannan launi ya bar duniya.

An ga haka a Ingila. Wani mai zane, Cedric Morris, ya ƙirƙiro iris kusan kala 90 a gidansa na Benton End da ke yankin Suffolk, ya raɗa musu suna, kuma sun yi tashe a zamaninsu. Bayan rasuwarsa a 1982 yayinsu ya wuce, masu saida dashe suka daina ajiye su. Sai wata mata, Sarah Cook, wadda ta shugabanci ma'aikatan shahararriyar garkar nan ta Sissinghurst, ta ci karo da wani ɗan allo mai ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu. Da ta bar aiki a 2004 sai ta duƙufa neman sauran, gida-gida, garka-garka, har a ƙasashen waje. Lokacin da ta baje su a bikin furanni na Chelsea a 2015, inda aka ba su lambar zinariya, abin da ta iya tarawa bai kai sulusin abin da mutumin ya bari ba. Waɗanda suka tsira sun tsira ne saboda wani, a wani wuri, ya ci gaba da tonowa yana rabawa yana ba maƙwabta.

Akwai kuma wani farin iris, Iris albicans, wanda asalinsa Yaman ne da Saudiyya. Kusan ba ya yin ƙwayar iri ko kaɗan, amma duk da haka ana samunsa daga Turkiyya har Arewacin Afirka da Andalus, domin Musulmin waɗancan ƙasashe sun daɗe da al'adar dasa shi a maƙabartu. Duk inda aka gan shi, wani ne ya ɗauko gaɓa ya kai. Ya kuma daɗe a irin waɗannan wurare ne saboda sun dace da halinsa: tudu, rana, ba mai ban ruwa.

Masu kai irin na albasa

Ba kowane iris ke da gaɓa ba. Wanda ake saidawa a shagunan furanni na Turai, da ake kira na Holan, kai gare shi kamar ƙaramar albasa, kuma shi ma ƙa'idarsa ita ce a bar ganye ya bushe da kansa, kan kuma ya samu busasshiyar ƙasa lokacin zafi. Wani ɗan ƙarami mai rawaya daga duwatsun Turkiyya, Iris danfordiae, ya yi ƙaurin suna wajen ɓacewa bayan furen farko, don kansa na tarwatsewa ya koma ƴan ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda sai sun yi shekaru kafin su isa fure. Masu garka na rage wannan ta hanyar binne shi da zurfi, akasin mai gemu. Su kuwa irin na Sibiriya da na Japan laima suke so, fari ne ke kashe su. Saboda haka kafin mutum ya bi kowace shawara, sai ya fara sanin wane iri ne a hannunsa.

Ga mai sha'awar gwada mai gemu a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, gaskiya ita ce yanayinmu bai yi masa ba. Yana bukatar sanyi na sosai na wasu makwanni kafin ya ɗaura fure, abin da hunturunmu ba kasafai yake kaiwa ba, sa'an nan watannin da yake son bushewa, Yuli da Agusta, su ne tsakiyar daminarmu. Wanda ɗan'uwa ya kawo wa gaɓa daga Faransa ko Maroko zai fi samun sa'a a tukunyar da aka huda gindinta, da ƙasa mai yawan rairayi, a ɗauke ta daga ruwan sama idan damina ta kankama, kuma ko da haka ganye zai fi gani a kan fure. A kuma ajiye ta nesa da madafa da awaki, domin gaɓar ta yi kama da citta ƙwarai, alhali tana sa amai da ciwon ciki ga mutum da dabba.